RA'AYINMU: Ba A Awo Da Mudu Biyu A Tseren Motoci

Duk ɗan kasuwar da ya daɗe yana zirga-zirga tsakanin iyakoki ya san cewa abin da ke riƙe da ciniki shi ne mudu. Idan an auna maka gero da safe, sannan da la'asar sakaliya aka fito da wani mudun da ya ninka na safe aka auna wa maƙwabcinka a kan kuɗi ɗaya, to ranar kasuwa mai zuwa ba za a gan ka a wannan rumfa ba. Wannan ne ya sa muka ga ya dace yau mu tsoma baki a wata muhawara da ta daɗe tana tashi tana kwantawa a duniyar tseren motoci, wato shawarar a riƙa ba tseren ƙarshen shekara maki fiye da na farkonta, domin kada a san gwarzo sai ranar ƙarshe. A namu ra'ayin wannan shawara ba ta da amfani, kuma tarihin wuraren da aka gwada ta ya isa shaida.

Ga waɗanda ba su saba bin gasar ba, ga yadda lissafin yake. A gasar Formula 1, wadda ita ce mafi girma a tseren motoci na duniya, ana zagaya ƙasashe ana tsere daga watan Maris har zuwa ƙarshen shekara. Tun daga 2010, wanda ya zo na ɗaya a kowane tsere yana samun maki 25, na biyu 18, na uku 15, haka abin ke raguwa har zuwa na goma mai maki 1. A ƙarshen shekara sai a tara, wanda ya fi kowa maki shi ne gwarzon direbobi na duniya. Haka nan ana tara makin direbobi biyu na kowane kamfani, kuma matsayin da kamfani ya ƙare a kai shi ke nuna kason da zai samu daga kuɗin gasar. Ke nan maki a wannan wasa dukiya ce, domin da su ake biyan injiniyoyi da makanikai, da su kuma ake ƙera motar baɗi.

Idan ba a manta ba, a 2013 wani matashi ɗan ƙasar Jamus, Sebastian Vettel na kamfanin Red Bull, ya yi wa sauran direbobi fintinkau. Ya ci tsere 13 a cikin 19, tara na ƙarshe kuwa a jere ya cinye su, kuma tun a ƙasar Indiya cikin watan Oktoba ya tabbata gwarzo karo na huɗu a jere, alhali saura tsere uku. Masu riƙe da harkar kuɗin gasar, ƙarƙashin jagorancin Bernie Ecclestone, hankalinsu ya tashi, domin idan an riga an san gwarzo jama'a sukan rage kallo, kuma kuɗin talabijin da na tallace-tallace su ne jinin wannan wasa. Saboda haka cikin watan Disamban 2013 hukumar tseren motoci ta duniya, FIA, ta sanar da cewa tseren ƙarshe na 2014, wanda za a yi a Abu Dabi, za a ninka makinsa: na ɗaya ya samu 50, na biyu 36, na uku 30. Ecclestone ma ya so a ninka tsere uku na ƙarshe, amma bai samu goyon baya ba.

Vettel da kansa na cikin waɗanda suka fara yin tir da abin. Ya ce tsarin yana hukunta waɗanda suka yi aiki tuƙuru tsawon shekara, ya kuma kawo misali da ƙwallon ƙafa, inda ya tambaya yadda mutane za su ji idan aka wayi gari wasan ƙarshe na gasar Jamus ya ninka sauran. Wannan misali kowa zai gane shi. Mai kallon ƙwallo ya san maki uku na wasan farko daidai suke da maki uku na wasan ƙarshe, kuma duk ranar da aka ce wasan ƙarshe maki shida ne, babu gidan kallon da ba za a yi hayaniya ba.

To me ya faru a 2014? A wannan shekara motocin Mercedes ne suka mamaye fage, takarar kuma ta koma tsakanin direbobinsu biyu, Lewis Hamilton ɗan Ingila da Nico Rosberg ɗan Jamus. Kafin a isa Abu Dabi, Hamilton ya ci tsere 10, Rosberg ya ci 5. Hamilton yana da maki 334, Rosberg 317, wato tazarar maki 17. A tsohon lissafi, ko da Rosberg ya zo na ɗaya, Hamilton na shida kawai yake buƙata ya zama gwarzo. A sabon lissafi kuwa, idan Rosberg ya ci tseren, dole Hamilton ya zo na biyu. Da ya zo na uku, da Rosberg ya tashi da maki 367, shi kuwa 364. Ma'ana mutumin da ya ci tsere 10 zai iya rasa kambi a hannun wanda ya ci 6, saboda kawai tayarsa ta yi faci ko makanikansa sun makara da daƙiƙa kaɗan a rana ɗaya tak, wadda aka zaɓa tun kafin shekara ta fara aka ce ta fi sauran daraja.

Ranar 23 ga Nuwamba, 2014, Rosberg ne ya fara daga sahun gaba, amma Hamilton ya sha gabansa tun a tashi. Can tsakiyar tsere sai na'urar lantarkin da ke ƙara wa injin Rosberg ƙarfi ta samu matsala, ya yi ta ja baya har ya ƙare a na 14. Hamilton ya ci tserensa na 11, ya kammala shekara da maki 384. Masu gasar sun tsallake rijiya da baya, domin wanda ya fi cancanta shi ya ci. Amma duk mai hankali ya san cewa da matsalar nan motar Hamilton ta samu, da an shiga rikicin da har yau ba a daina maganarsa ba. Su ma shugabannin sun gane haka, kwanaki kaɗan bayan tseren aka amince a soke ninkin, kuma tun 2015 ba a sake komawa gare shi ba.

Akwai kuma ɓangaren ƙananan kamfanoni, wanda ba a cika ambata ba. A wannan shekara ta 2014 marigayi Jules Bianchi, ɗan ƙasar Faransa, ya zo na tara a Monako da motar ƙaramin kamfanin Marussia. Maki 2 ya samu, kuma su ne makin farko da kamfanin ya taɓa samu a tarihinsa, bayan shekaru yana fama a sahun baya. A ƙarƙashin dokar ninki, wanda ya zo na goma a Abu Dabi shi ma maki 2 ne nasa. Wane dalili ne zai sa na goma a Abu Dabi ya yi daidai da na tara a Monako, inda titin ya fi ƙunci kuma kuskure kaɗan ke kai mota jikin katanga? Babu wani dalili da ya wuce cewa wannan ya faɗo a watan Nuwamba, wancan a watan Mayu.

Masu bin tarihin gasar sun yi lissafi a kan shekarun baya, kuma kowa zai iya maimaita shi da biro da takarda. A 2012 Vettel ya ci kambi da maki 281, Fernando Alonso ɗan Sifen yana da 278. A tseren ƙarshe a Burazil Alonso ya zo na biyu, Vettel na shida. Da an ninka, Alonso zai tashi da 296, Vettel 289. A 2008 Hamilton ya ci da maki 98, Felipe Massa ɗan Burazil yana da 97, kuma Massa ne ya ci tseren ƙarshe. Da an ninka, kambin nasa ne. A 2003 ma da Kimi Raikkonen ne zai zama gwarzo maimakon Michael Schumacher, alhali Schumacher ya ci tsere shida a shekarar, Raikkonen ɗaya. Wani zai ce ai da direbobin sun san dokar da sun yi tuƙi daban, kuma da gaskiyarsa. Duk da haka lissafin yana nuna girman ikon da ake miƙa wa rana ɗaya.

Ba za mu ce masu son ninkin ba su da hujja ko kaɗan ba. Tseren motoci kasuwanci ne mai cin kuɗi, garuruwan da ke karɓar baƙuncinsa suna biyan maƙudan kuɗi, kuma wanda ya biya domin tseren ƙarshe ba zai so ya ga an riga an raba ganima kafin a iso wurinsa ba. Ɗan kasuwa ya san zafin kasa kaya a kasuwar da ta riga ta watse. Sun kuma ce gwarzo na gaskiya shi ne wanda ke iya jure matsi a ranar da komai ya rataya a wuyansa. Abin tambaya a nan shi ne, shin maganin da suka kawo yana warkar da ciwon da suka ce sun gani? Mu koma 2013, shekarar da ta jawo dokar. Bayan tseren Indiya Vettel yana da maki 322, Alonso 207, tazarar 115. Tsere uku da suka rage, ko da an ninka na ƙarshe, maki 100 ne kacal a cikinsu. Ke nan da dokar tana aiki a 2013, a Indiyar nan dai Vettel zai zama gwarzo, a rana guda, ba tare da an ƙara ko awa ɗaya ba. Haka a 2023, lokacin da Max Verstappen ya ci tsere 19 cikin 22 ya ƙare da maki 575, wanda ke biye da shi yana da 285, babu ninkin da zai hana a san gwarzo da wuri. Ninki ba ya taɓa shekarar da mutum ɗaya ya mamaye. Shekarar da yake taɓawa ita ce wadda takara ta riga ta yi zafi da kanta, kuma a nan ɓata ta yake yi.

A Amurka an yi nisa a wannan hanya fiye da ko'ina, don haka darasinsu ya fi yawa. A gasar NASCAR, Matt Kenseth ya zama gwarzo a 2003 da tsere ɗaya kacal da ya ci, saboda kusan kullum yana ƙarewa a sahun gaba, yayin da Ryan Newman ya ci takwas bai samu kambi ba. Sai a 2004 aka kawo sabon tsari: bayan tsere 26 a tace waɗanda ke gaba, a kusan share tazarar da ke tsakaninsu, a sake sabon lale a tsere goma na ƙarshe. A 2014 aka ƙara tsananta abin, aka fara da direbobi 16 ana sallamar huɗu-huɗu har a rage huɗu, duk wanda ya riga sauran ukun isa a tseren ƙarshe shi ne gwarzo. Sakamakon haka, a 2015 Kyle Busch ya zama gwarzo duk da cewa bai shiga tsere 11 na farko ba saboda karaya. A 2020 Kevin Harvick ya ci tsere tara, fiye da kowa a shekarar, amma ko cikin huɗun ƙarshe bai shiga ba. An gudu daga gwarzo mai tsere ɗaya, an koma tsarin da ke zubar da mai tsere tara, wato an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Bayan shekaru ana ƙorafi, a farkon 2026 hukumar gasar ta sanar da daina wannan tsari na sallama da rataya kambi a kan tsere ɗaya.

Wani abin lura kuma shi ne, duk inda aka tara nauyi a rana ɗaya, nan masu neman maguɗi ke taruwa. A watan Satumban 2013, a tseren Richmond wanda shi ne ƙofar shiga zagayen ƙarshe na NASCAR, hukumar ta samu kamfanin Michael Waltrip Racing da laifin yunƙurin juya sakamako domin direbansu Martin Truex Jr. ya samu shiga. An ci kamfanin tarar dala 300,000, aka kuma fitar da direban daga zagayen. Idan maki ɗaya a daren Asabar ɗaya ya fi aikin wata shida, to dole a samu wanda zai nemi sayen wannan maki ta bayan gida.

Gasar IndyCar, ita ma a Amurka, ta ɗanɗana nata. A 2015 Juan Pablo Montoya ɗan Kolombiya ya jagoranci teburi tun daga tseren farko har zuwa na ƙarshe a Sonoma, inda aka ninka maki. A ranar ya yi karo da abokin aikinsa ya ƙare a na shida, Scott Dixon ɗan New Zealand ya ci tseren, suka yi kunnen doki da maki 556 kowannensu, aka ba Dixon kambi saboda ya ci tsere uku, Montoya biyu. Gaskiya ne shi ma Montoya ya amfana da ninkin da aka yi wa babban tseren Indianapolis da ya ci a shekarar, kuma babu mai cewa Dixon ba gwani ba ne. Amma wannan ma ƙarin hujja ce a gare mu, domin an wayi gari ana gardama a kan wanda ninki ya fi taimaka wa, maimakon a yi maganar wanda ya fi iya tuƙi. Daga baya ita ma IndyCar ta soke ninkin, na tseren ƙarshe da na Indianapolis duka.

Ya kamata a bambance wannan da wani abu mai kama da shi. A gasar tseren juriya ta duniya, tseren Le Mans na Faransa yana ba da maki ninki biyu, kuma ba mu ga laifin haka ba, domin awa 24 ake yi ana tsere dare da rana, alhali yawancin sauran awa shida ne. Wanda ya ɗauki buhu huɗu aka biya shi fiye da mai buhu ɗaya, an yi adalci. Tseren Abu Dabi kuwa kilomita ɗari uku da 'yan kai ne kamar takwarorinsa, motocin su ne, direbobin su ne. Dattawan da suka ga zamanin da ayarin Faris zuwa Dakar ke ratsa Agadas da hamadar Tenere, kafin a soke na 2008 a mayar da shi Kudancin Amurka a 2009, daga nan Saudiyya a 2020, sun san yadda ake lissafinsa: lokacin kowace rana ake tarawa, mintin da ka ɓata a cikin rairayi ranar farko yana nan a wuyanka har ranar ƙarshe. Shi ya sa wanda ya ci wannan tsere babu mai yi masa gori.

Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne, ranakun ƙarshe da suka fi zama a zukatan masu kallo duk da mudu ɗaya aka auna su. A 1984 Niki Lauda ya doke Alain Prost da rabin maki. A 2007 Raikkonen ya ci da maki 110, Hamilton da Alonso suna da 109 kowannensu. A 2008 sai a kwanar ƙarshe ta zagayen ƙarshe Hamilton ya wuce Timo Glock ya samu matsayi na biyar da yake buƙata, lokacin da dangin Massa sun riga sun fara murna. A 2010 direbobi huɗu ne suka isa Abu Dabi kowanne da damar zama gwarzo. A 2021 Hamilton da Verstappen sun isa can da maki 369 da rabi kowannensu. A ƙwallon ƙafa ma, ranar da Manchester City ta ƙwace kofin Ingila a mintunan ƙarshe a 2012, maki uku ne dai aka ba ta kamar kullum. Daɗin irin waɗannan ranaku yana zuwa ne daga sanin cewa ba wanda ya shirya su, kuma ba kowace shekara ake samunsu ba.

Idan ana son takara ta kai ƙarshen shekara da rai, to inda ciwon yake can za a sa magani, wato tazarar da ke tsakanin motoci. Kamfanin da ke kashe ninkin abin da maƙwabcinsa ke kashewa dole ya tsere masa, ko yaya aka juya lissafin maki. A nan muna yaba wa matakin da Formula 1 ta ɗauka a 2021 na ƙayyade abin da kowane kamfani zai kashe, inda aka fara da dala miliyan 145 a shekara, da kuma dokar da ke ba kamfanonin baya ƙarin lokacin gwajin motocinsu a ɗakin iska fiye da na gaba. Waɗannan matakai ba su hana mamayar 2023 ba, kuma ba mu ce sun gama aiki ba. Amma suna gyara filin ne kafin a fara tsere, kowa yana gani, ba su taɓa sakamakon bayan an yi gumi.

Don haka muna kira ga hukumar FIA da masu riƙe da harkar kuɗin Formula 1 da su riƙe darasin 2014 da kyau, domin babu shakka duk shekarar da wani direba ya sake yi wa sauran nisa, za a samu mai sake ɗauko wannan shawara da sabon suna. Muna kira ga sauran hukumomin wasanni, manya da ƙanana, da su guji sayar da amincin gasarsu saboda kallon dare ɗaya, kada garin neman gira a rasa ido. Mai kallo yana iya haƙuri da shekarar da aka san gwarzo da wuri, ya jira ta baɗi. Wanda ya fara zargin cewa an shirya masa sakamako kuwa, da wuya ya dawo. Hausawa sun ce yau da gobe ta sa allura ginin rijiya, kuma kambin shekara ladan yau da gobe ne. Direban da ya fito a watan Maris ya sa ransa cikin haɗari ya ci tsere, a biya shi da mudun da za a biya wanda ya ci a ƙarshen shekara.